Kuɗin Gadon da Ghali Bai Kwana a Kai Ba

Ranar da aka saki Ghali babu wanda ya je tarbarsa, domin babu wanda ya san ranar ce, har shi kansa. Da hantsi aka kira sunansa, aka miƙo masa leda ɗauke da wayarsa da agogonsa da iƙamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar, wani jami'i ya dube shi ya ce, "Khalas, ba ka da laifi. Allah ya kiyaye hanya." Ya fito bakin titi ya tsaya yana ƙifta ido, zafin Riyadh na bugun fuskarsa kamar an buɗe murfin tukunya. Wata huɗu da kwana goma sha ɗaya ke nan rabonsa da ganin mota tana gudu.

Ghali mutumin Malumfashi ne, dogo, marar yawan magana, shekararsa arba'in da uku. Bakwai daga ciki ya yi su ne yana jan motar ɗaukar kaya a wani kamfani mai sayar da na'urar sanyaya ɗaki. Da safe a loda masa kaya a sito, ya bi shaguna da gidajen da ake ginawa yana saukewa, kafin magariba ya dawo ya wanke motar da hannunsa. A shekaru bakwai ɗin nan ko madubi bai taɓa fasawa ba. Sai wata Laraba aka ƙirga kaya aka ga na'ura goma sha biyu sun yi ɓatan dabo, aka kuma samu takardar fitar da su da sa hannu mai kama da nasa. Kamfani ya kai ƙara, aka zo aka tafi da shi daga bakin sito, ko rigar aiki bai cire ba. Ya rantse, ya sake rantsewa, daga nan ya bar wa Allah. Ana cikin wata na huɗu aka kama mai tsaron siton da wasu na'urori shida a bayan motar ƙaninsa. Da ido ya raina fata ya faɗi na farkon ma, har da yadda ya kwaikwayi sa hannun direba.

Daga bakin kurkuku Ghali bai zame ko'ina ba sai Batha, shagon Alhaji Ɗanbala tela. Alhaji Ɗanbala ya haura shekara talatin a garin, kuma duk Bahaushen da ke tsakanin Batha da Al-Oud ya san bencin shagonsa, nan ake barin saƙo, nan ake jin wanda ya zo da wanda ya koma gida. Dattijon yana ɗago kai daga keken ɗinki ya gan shi a ƙofa, sai ya saki rigar da ke hannunsa.

"La'ilaha illallahu! Ghali, kai ne? Shigo, shigo, ɗana. Kai, dubi yadda ka zama sanda."

Aka aika a kawo shinkafa da kaza, maƙwabta suka yi ta shigowa ana yi masa barka. Ghali ya jona wayarsa a caji, ya kira matarsa Biba a Malumfashi. Ta kasa magana sai kuka, shi kuma yana ta cewa, "To ya isa haka, Maman Hajar. Ai ga shi na fito. Ki gaya wa mutanen gida ba a same ni da komai ba. Ki faɗa da ƙarfi kowa ya ji."

Washegari ya yi aski, ya sa farar jallabiya da Alhaji ya ba shi, ya tafi kamfani. A ransa yana tsammanin ko da ba a ba shi haƙuri ba, za a miƙo masa mukullin motarsa. Aka shigar da shi ofishin mudir, wato manaja, wanda ake kira Abu Rakan, ɗan mai kamfanin ne, shi ke riƙe da komai tun da ciwon ƙafa ya zaunar da mahaifinsa a gida. Abu Rakan ya ce masa alhamdu lillahi da ya fito lafiya, bai nuna masa kujera ba. Ya kira magatakardansa, wani matashi ɗan Kano mai suna Zulkifilu, wanda ya yi karatu a nan garin ya samu aiki a ofis, ya ce ya karanta wa Ghali takarda da harshensu don kada a yi gardama daga baya.

Zulkifilu ya riƙe takardar bai yarda sun haɗa ido ba. "Yaya Ghali, kamfani ya ɗauki wani direba, saboda haka za a sallame ka. Kuɗin sallamarka na shekara bakwai riyal dubu takwas da ɗari ɗaya ne. Amma akwai abin da aka kashe a kanka lokacin da kake tsare, za a cire."

"A kaina?"

"Akwai kuɗin gadonka na masaukin ma'aikata, wata biyar, dubu ɗaya da ɗari biyar."

"Gadon da ban kwana a kai ba?"

Zulkifilu ya ci gaba. Akwai kuɗin direban haya da aka ɗauka kafin a samu sabo. Akwai kuɗin lauya, dubu uku. Akwai ɗari tara da aka saka masa a kurkuku don sabulu da katin waya. Akwai ɗari biyar da mai kamfanin ya aika masa lokacin sanyi. In an haɗa an cire, Ghali ne kamfani ke bi riyal dubu biyu da ɗari huɗu. Idan ya sa hannu, za a yafe masa ragowar, a kuma ba shi izinin sauya kafil, wato ubangidan da iƙamarsa ke hannunsa, ya nemi aiki a wani wuri.

Ghali ya kalli takardar. Sannan ya ce, "Wane lauya? Ni ban ga lauya ya zo wurina ba."

Muryar Zulkifilu ta yi ƙasa. "Wanda ya rubuta ƙarar ne."

"Wanda ya kai ni?"

"Shi."

Sai Ghali ya ji wata dariya ta taso masa daga ciki, ba ta daɗi ba, ya danne ta. Ya juya wurin Abu Rakan, ya yi masa magana da Larabcinsa na direbobi, mai karyayyen baki amma a fili: "Mudir, kun ɗaure ni, yanzu kuma in biya kuɗin igiyar? Ba zan sa hannu ba." Ya ajiye biron da aka miƙo masa a kan tebur a hankali, ya yi sallama ya fita. Da ya biya masauki ɗaukar kayansa, ya tarar an tura jakarsa ƙarƙashin matakala, sabon direban ne ke kwana a gadon tun wata uku da suka wuce.

A shagon Alhaji Ɗanbala magana ta rabu biyu, amma ɓangare ɗaya ya fi nauyi. Kusan duk waɗanda ke kan bencin sun ce ya sa hannu ya huta. Alhaji da kansa ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Iƙamarka saura wata biyu ta mutu, kuma a hannunsu take. In suka ga dama su rubuta cewa ka gudu daga aiki, shi ke nan ka zama abin farauta. Baƙo ba ya ja da ɗan gari a kan tabarmarsa. Ka bar musu, Allah zai ba ka a wani wuri."

"Baba," in ji Ghali, "ba kuɗin ne ya tsaya mini ba. In na sa hannu a kan na biya lauyan da ya kira ni ɓarawo, ai na yarda ke nan akwai abin da na yi. Wannan takarda za ta zauna a ofishinsu bayan raina. Ina da 'ya'ya huɗu."

"Takarda ba ta ciyar da 'ya'ya."

"Haka ne. Amma sunan uba yana aurar da su."

Alhaji ya mayar da tabarau ya ci gaba da taka keke. Bayan la'asar sai ga 'yarsa Sumayyah ta biyo ta shagon daga wurin aiki. A Riyadh aka haife ta, tana aiki a ofishin ajiye takardun marasa lafiya na wani asibiti a Shumaisi, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ghali ya ɗauki hoton takardar da wayarsa kafin ya fito, ya nuna mata. Ta karanta, ta sake karantawa, ta zaro ido.

"Kawu, wannan mu sahih, ba daidai ne ba. Wallahi ba daidai ne ba." Ta zauna a gefen tebur ta yi ta latsa wayarta, can ta ɗago. "Ga shi. Dokar aiki ta ce idan an tsare ma'aikaci a kan abu na aikinsa, kamfani ya dinga biyan rabin albashi. In ya fito babu laifi, su cika masa sauran. Sun ba ka rabin?"

"Ko riyal ɗaya."

"To su ne za su ba ka, ba kai ba. Yaani su ake bi."

Alhaji Ɗanbala ya tsayar da keke. "Ke Sumayyah, abin da ke rubuce daban, abin da ke faruwa daban."

"Baba, ai ba a gwada ba."

A ranar ta shigar masa da ƙorafi ta waya a ofishin sasanta ma'aikata da iyayen gidansu. Aka ba su ranar zama, kwana goma sha tara nan gaba. Alhaji ya yi ta girgiza kai, amma da dare ya yi shi ne ya shimfiɗa wa Ghali katifa a ɗakin ajiye yadi da ke bayan shago, ya ce ya zauna nan har abin ya ƙare.

Maganar a rubuta ya gudu ita ce ta tsaya wa Ghali a rai, shi ya sa ya yi wa kansa dabara. Kowace safiya sai ya goge jallabiyarsa da dutsen gugar shago, ya hau bas, ƙarfe bakwai ta yi masa a ƙofar kamfani. Ya gaida mai gadi, ya ce a shaida wa ofis ya zo aiki, ya ɗauki hoton kansa da ƙofar a bayansa, sannan ya zauna a kan wani bulo a inuwar katanga. Nan zai wuni har a tashi. Rana ta juyo ya matsa da bulonsa. Motar Abu Rakan ta zo wucewa ya miƙe ya ɗaga hannu ya gaishe shi kamar yadda ya saba shekara bakwai, ba ƙari ba ragi. Kwana biyun farko ma'aikata suna raɓewa su wuce, suna tsoron a gan su tare da shi. A rana ta uku bakanikensu, wani Basudane mai furfura, ya fito da kofin shayi biyu ya zauna a ƙasa kusa da shi. Daga nan masu lodi 'yan Bangaladash suka fara ajiye masa burodi da ruwan sanyi.

A bakin Basudanen nan ne ya ji asalin riyal ɗari tara. Ashe ba kamfani ne ya bayar ba. Su ne suka yi karo-karo, su goma sha ɗaya, wani hamsin wani ɗari, suka damƙa wa ofis don a saka masa, tunda ofis ne ya san hanyar. Ghali ya riƙe kofin shayi ya kasa kurɓa. Wata huɗu yana wanka da sabulun mutanen nan, yana kiran Biba da katinsu, yana sa wa kamfani albarka.

Ana saura kwana biyar a zauna, Zulkifilu ya fito ya same shi lokacin sallar azahar, bayan kowa ya shiga masallaci. Ya tsuguna, ya ce mudir ya aiko shi. An janye takardar farko gaba ɗaya. Za a ba shi kuɗin sallamarsa cif, a ba shi izinin sauya kafil gobe-gobe. Abu ɗaya kawai, ya janye ƙorafi ya sa hannu cewa ba ya bin kamfani komai.

"Albashin wata huɗun fa?"

"Ba a ambace shi ba."

"To a ambace shi a can."

"Yaya Ghali, don Allah ka karɓa. Wannan ai nasara ce. Ba su taɓa janye takarda ba tunda na zo."

Ghali ya dube shi sosai, karo na farko. Yaro ne mai kunya, ya ga alama, kuma bakin aljihun rigarsa duk tawada. "Zulkifilu, kai ka rubuta takardar nan?"

"Ni na buga. Abin da aka ce in buga."

"Ɗari taran nan, a hannun wa su Basudane suka ba da?"

Zulkifilu ya sunkuyar da kai yana wasa da tsakuwa. "A hannuna."

"To madalla. Ban ce ka yi komai ba, kai ma a ƙarƙashin wani kake, kana da mahaifiya a Kano. Tashi mu je kada jam'i ya wuce mu."

Ranar zama Alhaji Ɗanbala ya rufe shago, abin da ba ya yi sai Juma'a, ya sa babbar riga ya ce zai raka shi. Sumayyah ta ɗauki hutun rabin yini. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru shida, mai sasantawa wani mutum ne mai ƙaramin gemu da ke magana a hankali. Abu Rakan ya zo da Zulkifilu riƙe da fayil. Tunda Ghali ya ƙi tayinsu, sai suka dawo da takardar farko, suka ɗora ta a tebur. Mai sasantawa ya ce mutum ɗaya kawai zai zauna da mai ƙorafi, Alhaji ya koma benci a waje, Sumayyah ta zauna don ta fassara inda Larabcin Ghali ya gaza.

Mai sasantawa ya bi takardar layi-layi. Da ya zo kan gado, Ghali ya ce a tambayi mudir wa ke kwana a kai tun wata na biyu. Abu Rakan ya ce gado dai an ajiye shi da sunan ma'aikaci. Mai sasantawa ya tambaya ko sabon direban yana da wani gadon daban. Ashe babu. Ya ja layi a kai. Da ya zo kan lauya sai ya ɗago kai ya tambaya lauyan wa. Da aka gaya masa, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ja layi. Direban haya ma bai ɗauki lokaci ba.

Sai ɗari tara. Abu Rakan ya ce wannan kam akwai shaida, ga rasit da hatimin kamfani, daga ofishinsa aka saka kuɗin. Ghali ya ce kuɗin abokan aikinsa ne. Abu Rakan ya ce maganar baki ce. Mai sasantawa ya dubi rasit ɗin ya ga sunan wanda ya saka, ya tambaya wane ne Zulkifilu.

Ghali bai kalli yaron ba. Ya kafa idonsa a kan tebur, don kada a ce ya roƙe shi da ido. Ya ji kujera ta motsa, ya ji an gyara murya.

"Ni ne," in ji Zulkifilu da Larabcinsa na makaranta. "Ni na saka. Amma ba daga asusun kamfani ba ne. Ma'aikata goma sha ɗaya ne suka tara suka ba ni. Ina da sunayensu a wayata."

Abu Rakan ya juya ya zuba masa ido. Zulkifilu bai ɗago ba, amma ya buɗe wayar ya miƙa. Sumayyah ta sunkuyo ta raɗa wa Ghali abin da aka ce, ko da yake ya riga ya ji.

Saura layi ɗaya, ɗari biyar ɗin mai kamfanin. Mai sasantawa ya riga ya ɗora biro zai ja, yana cewa kyauta ba a mayar da ita bashi, sai Ghali ya ɗaga hannu.

"Wannan gaskiya ne. A bar shi."

Sumayyah ta taɓa gefen teburin. "Kawu, ya ce zai cire. Ka bari ya cire."

"Ki gaya masa yadda zan faɗa, kada ki rage. Lokacin sanyi tsohon ya aiko mini da ɗari biyar. Na sayi rigar sanyi da safa, na ci na sha. Na ɗauka kyauta ce, na yi masa addu'a, kuma ba zan janye addu'ata ba. Amma tunda ɗansa ya rubuta ta a takarda, ta tashi daga kyauta. Ba na so a wayi gari wani ya ce Ghali ya ci ƙwandalar gidan nan da ba tasa ba. An faɗa sau ɗaya, ya isa."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro takardun ɗari-ɗari guda biyar, waɗanda ya ara a wurin Alhaji da safe ba tare da ya faɗi dalili ba, ya jera su a gaban Abu Rakan. Sumayyah ta fassara. Fuskar mudir ta canza. Ya tura kuɗin baya da yatsa ya ce mahaifinsa bai san an sa wannan a takarda ba, ba ya buƙata. Ghali ya sake turawa. Ya ce ko ya karɓa ko a rubuta a takardar zama cewa kyauta ce daga tsoho, kuma kamfani ya yi kuskuren sa ta. Abu Rakan ya kalli kuɗin, sannan ya ce a rubuta.

Daga nan abin bai daɗe ba. Mai sasantawa ya karanta wa mudir abin da doka ta ce a kan albashin wanda aka tsare ya fito babu laifi, ya ce in bai yarda a nan ba, sai kotu. Abu Rakan ya fita ya yi waya, ya dawo ya yarda da albashin wata huɗu da kwanakinsa, da kuɗin sallama, da izinin sauya kafil. Kwana goma sha taran da Ghali ya yi a bakin ƙofa ya ce ba zai biya ba, tunda babu kayan da aka kai ko'ina. Sumayyah ta so ta ja, Ghali ya ce a bar su, ai shayi ya sha a ciki. Haƙuri kuwa babu wanda ya ba shi, kuma bai tambaya ba. A wannan takarda ya sa hannu, ya rubuta sunansa cikakke da sunan mahaifinsa, a hankali, harafi bayan harafi.

Da suka fito Alhaji Ɗanbala ya miƙe daga benci yana tambaya da ido. Sumayyah ta fara ba shi labari da Hausa, ta ga ba ta isar mata ba, ta koma Larabci tana yi da hannu. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya kama hannun Ghali da hannu biyu ya riƙe.

"Shekara talatin da ɗaya ina gaya wa mutane su sa hannu," ya ce. "Allah ya yafe mini waɗanda na sa suka bar haƙƙinsu."

"Baba, ai kai ka ba ni wurin kwana."

"Rufe mini baki. Mu je in buɗe shago, yau akwai masu jin labari."

Kuma an ji shi. Kafin Juma'a ta zagayo labarin ya kai Al-Oud ya dawo, har an ƙara masa gishiri, wasu na cewa a fuska ya watsa wa mudir kuɗin. Duk wanda ya faɗa haka a gabansa sai Ghali ya gyara masa: a tebur ya ajiye, kuma da hannun dama.

Zulkifilu bai kai ƙarshen wata a kamfanin ba. Ba a kore shi ba, an dai mayar da shi sito yana ƙirga kwali, shi kuma ya nemi wani wuri. Ya sha wuya wata biyu kafin wani injiniya ɗan Zariya ya samar masa aiki a ofishinsu. Ghali ya je har ɗakinsa a Shumaisi da ledar lemo da tuffa. Yaron ya rasa inda zai sa kansa don kunya, yana ta cewa shi ne ya buga takardar tun farko. Ghali ya ce, "Ka buga da hannu, ka warware da baki a gaban mai gidanka. Ba kowa ke iyawa ba. In ka kira Hajiya ka gaishe ta, ka ce wani direba ya ce ta iya haihuwa."

Kuɗin sallamar suna shigowa Ghali ya kai wa Basudane ɗari tara a ambulan don ya raba wa masu shi. Mutumin ya ɓata rai kamar an zage shi, ya ce in ya sake kawo wannan magana ba shi ba shi. Sai Ghali ya yi odar manyan farantai uku na shinkafa da rago, aka kai masaukin ma'aikata ranar Juma'a bayan an sauko, aka baje a ƙasa, har sabon direban da ya gaji gadonsa ya sa hannu.

Wata guda bayan haka ya samu aiki a wani kamfanin ruwan sha, motar ta fi tsohuwar girma. Ranar farko shugaban direbobi ya duba takardunsa ya ga giɓin wata shida, ya tambaye shi ina ya shiga. Ghali ya gyara tsayuwa ya ce, "Kurkuku. An ce na yi sata, aka bincika aka ga ban yi ba. Ga takardar kotu, ga ta ofishin sasantawa, karanta duka." Mutumin ya karanta, ya dube shi, ya buɗe durowa ya miƙo masa mukulli, ya ce akwai lodi ƙarfe takwas, unguwanni huɗu ne yau, ya fara da na kudu kafin hanya ta cushe.